Filin Shawara: Awa Sittin Kafin Wa'adi Ya Cika

Wasiƙun wannan makon daga ma'aikata ne masu riƙe da takardar shaidar ƙwarewa a fannin gudanar da ayyuka, wadda aka fi sani da PMP. Cibiyar PMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1969 kuma take da hedikwata kusa da birnin Filadelfiya, ita ke ba da takardar tun 1984. Injiniyoyi da ma'aikatan banki da na kamfanonin sadarwa da na ƙungiyoyin agaji suna nemanta saboda ana karɓarta a ƙasashe da yawa. Sai dai ta bambanta da digiri, wanda in an ba ka an ba ka ke nan. Ita duk shekara uku ake sabunta ta, kuma kafin a sabunta sai mutum ya nuna ya tara maki 60 na ƙarin ilimi, waɗanda ake kira PDU. Awa ɗaya ta koyo, maki ɗaya. Waɗannan makin ne suka hana masu wasiƙunmu barci.

WASIƘA TA FARKO

Anti, barka da aiki. Ni injiniya ne a wani kamfanin gine-gine a Kaduna. Na ci jarrabawar PMP kusan shekara uku da suka wuce, bayan wahalar da Allah kaɗai Ya sani, daga nan ban sake bi ta kanta ba. Makon jiya imel ya shigo cewa saura wata huɗu wa'adina ya cika. Da na duba shafina, maki 11 kacal gare ni, dukansu daga wani kwas da na yi kan tsara jadawalin aiki. Da asuba nake fita sait, ba na dawowa sai bayan magariba. A wani zaurenmu na WhatsApp akwai wanda ke cewa a ba shi 'yan kuɗi da lambar sirrin shiga shafin, shi zai cike wa mutum makin 60 cif cikin kwana biyu, har da takardun halartar kwas. Abokaina biyu sun yi, kuma ba abin da ya same su. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, amma ba na so in rasa abin da na sha wuya a kansa. Ban da wancan kwas, abin da na halarta a shekarun nan bai wuce bitar kwana biyu da kamfani ya kai mu Abuja kan dokar ba da kwangila ba, sai 'yan bautar ƙasa da ɗaliban sanin makamar aiki da ake turo mini ina koya musu. Yaya zan yi?

Injiniya, Kaduna

Ƙanena Injiniya, zuciyar nan taka da ta ƙi kwanciya ta fi abokanka biyu gaskiya, ka saurare ta. Kada ka ba kowa lambar sirrinka, kada ka biya kowa ya rubuta maka karatun da ba ka yi ba. Zan zo ga dalili, amma bari mu fara da lissafi, domin firgita ce ta sa kake ganin maki 49 da suka rage sun fi ƙarfinka. Rabinsu suna hannunka, rubuta su ne kawai ba ka yi ba.

Makin 60 kashi biyu ne. Akwai na koyo, wanda dole ya kai 35 ko sama da haka. Akwai kuma na ba da gudummawa ga sana'ar, wanda ba a karɓar fiye da 25, kuma ba tilas ba ne. Mutum na iya cika 60 ɗin duka da koyo. A cikin wannan kashi na biyu akwai maki 8 da ake ba ka don kawai kana kan aikin gudanar da ayyuka. Sammakon nan da kake yi zuwa sait, shi ne. Komai yawan aikinka ba a wuce 8 a wa'adi ɗaya, amma 8 ɗin haƙƙinka ne, ka shiga CCRS, shafin PMI na shigar da maki, ka rubuta su yau. Ka koma 19.

Sai yaran da kake koya wa aiki. Koyarwa da raino a sana'a suna cikin gudummawar da ake lissafawa. Amma ka yi wa kanka adalci a nan: tsayuwa a kansu suna auna rodi aikinka ne na yau da kullum, ya riga ya shiga cikin 8 ɗin can. Abin da za ka ƙirga shi ne lokutan da ka zaunar da su musamman ka nuna musu yadda ake fasa babban aiki gida-gida, ko yadda ake rubuta rahoton mako, ko yadda ake hango matsala tun ba ta iso ba. Ka duba littafin sait da saƙonnin wayarka, za ka tsinci ranakun. Mu ce awa 6 ka samu. Ka kai 25.

Bitar Abuja kuwa ita ce babbar ajiyar da ka manta da ita. Dokar ba da kwangila ta 2007 da ƙa'idojin hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati ilimi ne da ya shafi aikinka kai tsaye. Ba sharaɗi ba ne sai PMI ko wakilinta ne ya shirya kwas kafin a karɓa. Abin da ake buƙata shi ne ya shafi sana'ar, kuma an yi shi a cikin wa'adin da kake ciki. Ka cire lokacin cin abinci da na salla da na jawaban buɗe taro, ka rubuta abin da ya rage. In awa 6 ce kowace rana, ka samu 12, jimilla 37. Saura 23, kuma kana da mako 16 ko fiye. Awa ɗaya da rabi ke nan a mako.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, don haka ka karanta a tsanake. Makin koyo suna da gida uku, kamar duwatsun murhu, in ɗaya ya gaza tukunya ba ta zama. Gida na farko dabarun aikin kansa ne: jadawali, kasafi, auna haɗari, tsarin aiki na gargajiya da na zamani. Na biyu iya hulɗa da mutane: jagoranci, sadarwa, sasanta rikici, ciniki a teburin tattaunawa. Na uku sanin harkar da kake ciki: kuɗi, doka, kasuwa, manufar kamfani. A 2022 PMI ta sauya wa gidajen suna, amma ƙa'idar tana nan: kowane gida sai ya samu aƙalla 8, sauran 11 da za su cika 35 ka zuba su inda kake so. Kwas ɗinka na jadawali ya cika gida na farko, bitar kwangila ta cika na uku, na tsakiya kuwa fayau yake. Ko maki 70 ka tara, muddin gidan nan bai kai 8 ba, shafin ba zai ba ka damar sabuntawa ba. To awa 8 na farko daga cikin 23 ɗinka can za su tafi.

Ni a ganina wannan sharaɗi shi ne mafi hikima a tsarin duka, kuma injiniyoyi su suka fi raina shi. Dubi manyan ayyukan ƙasar nan da suka daɗe suna jan ƙafa. Tun 1979 aka ƙulla kwangilar kamfanin ƙarafa na Ajakuta. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da kake bi kullum, tun ƙarshen 2017 aka ba da kwangilar gyaranta. Da wuya ka ji an ce irin waɗannan ayyuka sun tsaya don an rasa wanda ya iya kwaɓin kankare. Kuɗi ne ba sa fitowa a kan lokaci, farashi ne ke tashi bayan an sa hannu, diyyar masu filaye ce ba a daidaita ba, gwamnati ce ke sauyawa, ko mai aiki da ɗan kwangila sun daina fahimtar juna. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Farfesa Bent Flyvbjerg na Jami'ar Oxford ya tattara bayanan ayyuka sama da 16,000 daga sassan duniya, ya samu kashi 8.5 cikin ɗari ne kawai aka gama a kan lokaci kuma a kan kuɗin da aka yanka. Littafin da ya rubuta da Dan Gardner a kan haka, How Big Things Get Done, ya fito a 2023, kuma karanta shi ma maki ne.

E, karatu a ɗakinka ana lissafa shi. Haka sauraron lacca ta intanet, da shirye-shiryen sauti da ake saukewa a waya, da halartar taron reshen PMI na Najeriya, wanda sau da yawa ana iya shiga ta waya, har da zama na musamman da wanda ya fi ka sani kuna tattauna wani batu na sana'a. Ana karɓar gutsure: minti 15 maki 0.25 ne. In kai memba ne, shafin ProjectManagement.com cike yake da laccoci da aka naɗa, kyauta, kuma in ka shiga da asusunka na PMI ka kalla har ƙarshe, makin da kansu suke hawa shafinka. Ka sauke abin da za ka iya a ofis inda intanet ke da ƙarfi. Safiyar Asabar ɗaya a mako ta ishe ka. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta rana, da sunan abin da ka karanta ko ka saurara, da tsawon lokacin, da layi biyu ko uku na abin da ka ƙaru da shi. Wannan littafin shi ne hujjarka.

Yanzu ga mai sayar da maki. PMI tana zaɓar wasu daga cikin masu sabuntawa ta bincike su, ta ce su kawo hujjar abin da suka rubuta, shi ya sa take umartar kowa ya adana takardunsa har wata 18 bayan wa'adi ya ƙare. Abokanka da suka ce ba abin da ya same su, ƙila ma lokacin binciken nasu bai wuce ba. In aka kama ƙarya, ana iya ƙwace takardar ɗungurungum. Ga shi kuma za ka miƙa wa wanda ba ka sani ba asusun da ke ɗauke da adireshinka da tarihin aikinka. Amma ko da an tabbatar mini ba za a taɓa kama ka ba, amsata ba za ta sauya ba. A ranar sabuntawa za ka sake amincewa da ƙa'idojin ɗa'a na cibiyar, waɗanda aka gina kan ɗaukar alhaki, mutunta mutane, adalci da gaskiya. Kai mutum ne da ke sa hannu a ce ginshiƙi ya yi, a ce rodin da aka sa shi ne wanda aka rubuta, kuma iyalan mutane za su kwana a ƙarƙashin abin da ka sa wa hannu. Hannun da ya saba tabbatar da abin da bai faru ba a ƙaramin wuri, ba na so ya zama naka. Ka fita daga maganar mutumin nan, ka buɗe shafinka daren yau.

WASIƘA TA BIYU

Anti, ina gaisuwa. Na samu PMP a watan Maris na 2022 ina aiki da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri. A farkon 2025 aka sallame mu bayan Amurka ta dakatar da tallafi, a lokacin ina da tsohon ciki. Na haihu, na shiga jego, wa'adina ya cika ban ma sani ba. Yanzu wata bakwai ke nan shafina na nuna an dakatar da ni. Ina da maki 38: 30 na kwasa-kwasai, 8 na aiki. Maigidana ya ce in haƙura, wai takardar da ba ta hana a kore ni ba mene ne amfanin zuba mata dala, ga jariri ga tsadar rayuwa. Ban iya musa masa ba, domin shi kaɗai ke ɗauke da gidan yanzu. Amma in na tuna daren da na raba ina karatu sai in ji hawaye. Ba na zaune haka kawai: tun ambaliyar Alau nake taimaka wa ƙungiyar matan unguwarmu da tsara rabon kaya da rubuta lissafi, kyauta. Shin takardar ta mutu ke nan? In ba ta mutu ba, yaya zan shawo kansa ba tare da mun samu saɓani ba?

Maman jariri, Maiduguri

'Yata, Allah Ya raya abin da aka samu, Ya ba ki lafiyar shayarwa, Ya musanya miki aikin da ya fi wanda ya tafi. Takardarki ba ta mutu ba. Wanda wa'adinsa ya cika bai sabunta ba, ana dakatar da shi na shekara ɗaya. In ya cika makinsa ya biya a cikin shekarar, takardarsa ta dawo. In shekarar ta wuce, sai sabon fom, sabon kuɗi na ɗaruruwan daloli, da sabuwar jarrabawa, wadda a tsarin da aka shigo da shi a 2021 tambayoyi 180 ce cikin minti 230. Kin san ta, ba sai na kwatanta miki ba. Kina da zuwa Maris na 2026, wato kimanin wata biyar.

Abubuwa biyu ki sani game da wannan zaman dakatarwa. Na ɗaya, ba ki da izinin sa haruffan PMP a bayan sunanki har sai kin dawo. Ki cire su daga takardar neman aikinki da shafinki na LinkedIn a yanzu, domin PMI tana da rajista a intanet da mai ɗaukar aiki zai iya dubawa, kuma bai kamata a ga saɓani tsakanin abin da kika rubuta da abin da ke can ba. Na biyu, dakatarwar ba ta tsayar da agogo. Sabon wa'adinki tun Maris na 2025 ya fara tafiya, zai ƙare a Maris na 2028 ko yaushe kika dawo. Duk watan da kika ƙara yanzu, daga lokacin tara 60 na gaba kike cire shi.

Saura miki 22. Aikin da kike wa matan unguwa tun bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024 aikin sa kai ne, kuma ana lissafa shi muddin basirar sana'ar kike amfani da ita kuma ba biyanki ake yi ba. Tsara wa zai karɓi me, yaushe, da wane kuɗi, da rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ai gudanar da aiki ke nan. Kin riga kin ci 8 daga cikin 25 na gudummawa, saura gurbin 17. In awoyin da kika yi sun kai haka, ki sa shugabar ƙungiyar ta rubuta miki wasiƙa mai kwanan wata da adadin awoyin, ta sa hannu. Sai awa 5 na koyo su cika miki 35. Ki duba gidaje ukun da na yi wa Injiniya bayani a sama, ki ga ko akwai wanda bai kai 8 ba, ki fara da shi. Wannan aikin mako biyu ne ko uku, a lokacin da jariri ke barci. Ki kuma rubuta wa sashen kula da jama'a na PMI ki bayyana musu haihuwar da ranakunta, domin suna duba uzuri irin na rashin lafiya da haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Amma kada ki zauna jiran amsarsu, ki ci gaba da naki.

Maganar maigida ita ce ta fi nauyi a wasiƙarki. Kada ki ɗauke shi a matsayin mai tare miki hanya. Mutumin da albashi biyu suka koma ɗaya a gidansa, aka ƙara masa baki, in ya ji an ambaci dala dole gabansa ya faɗi. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kuɗin sabuntawa da aka daɗe ana biya dala 60 ne ga memba, 150 ga wanda ba memba ba. A canjin ƙarshen 2025 na farkon ya kusa naira 90,000, na biyun ya haura 200,000. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ke sayen madara da magani.

Ga yadda nake so ki yi. Ki fara gama makin 22 tukuna, tunda ba sa cin kuɗi sai data. Sannan ki buɗe shafinki ki ga ainihin abin da za a caje ki, ki kuma duba kuɗin zama memba na shekara da ake nuna wa mazauna Najeriya. In bai kai ratar da ke tsakanin farashin biyu ba, shiga memba ya fi araha. Daga nan ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki kawo masa takarda ɗaya: ga abin da za a biya yanzu sau ɗaya na shekara uku, ga abin da za a biya in aka bari ta mutu aka dawo neman ta. Ki ce masa, "Baban wane, na gama nawa, kuɗin ne kawai ya rage, ina neman shawararka kan yadda za mu yi." In kina da adashe ko wani abu naki da za ki iya sawa, ki faɗa, ko da rabi ne. Namiji ya fi saurin sauka in ya ga an zo masa da lissafi kuma an bar masa girmansa.

Cewar da ya yi takardar ba ta hana a kore ki ba gaskiya ce. Ba a yi ta don haka ba, kuma sallamar da aka yi a 2025 ta haɗa da ƙwararru da yawa waɗanda ba su yi laifin komai ba. Amfaninta yana ranar da takardun neman aiki suka taru a tebur ana tacewa. Ayyukan agaji sun ragu, amma ayyukan da Bankin Duniya ke ba da rance a kansu suna da ofisoshi a jihohi: AGILE na karatun 'yan mata, wanda Borno ke cikin jihohinsa bakwai na farko, da ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da ya game jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan wurare masu iya tsara aiki da rubuta rahoto suke nema. Ban yi miki alkawarin aiki ba, Allah ke bayarwa. Amma macen da ke kuka in ta tuna karatunta, kuma take tsara rabon kaya kyauta da goyo a bayanta, ba ta bar sana'ar nan ba. Da kin ce mini kin koma kasuwanci kin samu natsuwa a can, da na ce ki bar takardar ta tafi ba tare da jin kunya ba.

Wajen biya, ki tambayi bankinki ko katinki na naira yana aiki a waje. A 2022 bankuna da yawa sun rufe wannan hanya, a tsakiyar 2025 wasu sun sake buɗewa. In bai yi ba, ki nemi ɗan'uwa amintacce mai asusun dala ya zauna kusa da ke, ki shiga shafin da hannunki, ya sa katinsa.

WASIƘA TA UKU

Anti, watan jiya na ci PMP, alhamdu lillahi. Shin awa 35 na horon da na yi kafin jarrabawa za su shiga cikin 60 ɗin? Kuma in na dage na tara 120 a bana, na huta ke nan har shekara shida? Ina kuma halartar tarukan ƙungiyar injiniyoyi saboda rajistata ta hukumar injiniyoyi, COREN.

Sabon shiga, Zariya

Ɗana, barka da arziki, Allah Ya sa albarka. Amsar tambayoyinka biyu na farko a'a ce. Wa'adinka ya fara ne ranar da ka ci jarrabawa, duk abin da ka yi kafin ranar ba ya shiga. Awa 35 ɗin can kuɗin shiga ɗakin jarrabawa ne, an riga an karɓa. Rarar maki kuma ba a tsallakawa da ita zuwa wa'adi na gaba sai wadda aka samu a shekara ta uku, ita ma ba ta wuce 20. In ka tara 120 a bana, 60 za su yi maka aiki, sauran ilimi ne ka ƙaru da shi amma ba za a ajiye maka su ba. Ka raba abin: 20 a shekara, ƙasa da awa biyu a wata, ka riƙa shigarwa a makon da ka yi tun ba ka manta ba.

Tarukan injiniyoyi kuwa, duk laccar da ta taɓo ɗaya daga gidaje ukun nan kana iya rubuta ta a PMI ko da ka gabatar da ita a wani wurin. Lacca kan kula da kwangila ko kiyaye haɗari a sait ta shiga. Zaɓen shugabanni da liyafar dare ba su shiga ba. In nan gaba ka ƙara wata takardar ta PMI, kamar PMI-ACP mai buƙatar maki 30, awa ɗaya tana iya yi wa takardun biyu aiki in batun ya shafe su.

WASIƘA TA HUƊU

Hajiya, ina yi miki fatan alheri. Baɗi zan cika shekara 35 a aikin gwamnati, a ma'aikatar ayyuka ta jiharmu, zan yi ritaya. Na riƙe PMP fiye da shekara goma, ban taɓa bari ta faɗi ba. Wa'adina zai cika wata uku bayan na ajiye aiki. In sake wahalar tara maki, ko in bar wa yara?

Dattijo, Katsina

Ranka ya daɗe, Allah Ya sa a gama lafiya, Ya sa fansho ya fito a kan kari. Amsar tana ga abin da ka yi niyya bayan ritaya. In kana da shirin buɗe ofishin ba da shawara, ko kana sa ran a riƙa kiranka duba ayyuka ana biyanka, ka sabunta. A shekarunka takardar tana gaya wa mai neman ka cewa ba tsohon ilimi kaɗai ka riƙe ba. Kuma makin ba za su yi maka wuya ba, domin gurbin gudummawa kamar don irinku aka yi shi.

A nan nake da roƙo gare ka, ko za ka sabunta ko ba za ka sabunta ba. Kafin ka miƙa makullin ofis, ka ware awa ɗaya duk mako ka tara matasan injiniyoyin ma'aikatar. Ka ɗauki ayyukan da suka wuce ta hannunka ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi kyau da wanda ya lalace, ka faɗa musu abin da fayil bai rubuta ba: yadda aka shawo kan masu gonaki, inda ƙiyasi ya kuskure, alamar da ke nuna ɗan kwangila ya fara gazawa tun kafin ya gudu. A ma'aikatunmu irin wannan sani yakan bi mai shi gida ranar da aka yi masa walimar bankwana, na baya su sake faɗawa ramin da ya riga ya sani. A riƙa zagaya takardar sa hannu a kowane zama. Mako 17 sun ba ka maki 17, ka haɗa da 8 na aiki, gurbin 25 ya cika.

In kuwa hutawa za ka yi da gaske, gona da jikoki da masallaci, PMI tana da matsayin mai ritaya ga wanda ya daina cin abinci da sana'ar. Mai wannan matsayi ba ya tara maki, kuma in wata rana ya dawo aiki yana iya neman a mai da shi sahun masu aiki. Rubuta musu ake yi a nema. Ka aika da buƙatar tun wa'adinka bai cika ba, domin wanda takardarsa ke da rai ake ba wa.